Dattawan kasuwa, notar, lauya ko kotu: ina ɗan kasuwa zai kai maganar yarjejeniya?

Bara da rani kawuna ya ɗora wa wani abokin cinikinsa na Kusiri buhun albasa 200 daga Garwa, duka garuruwan a arewacin Kamaru. Shekara takwas suna hulɗa, ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Mutumin ya turo rabin kuɗi, ragowar sefa miliyan 2 da dubu 400 kuma aka shiga "sai mako mai zuwa, Alhaji". Da damina ta sauka sai zancen ya sauya: wai buhu arba'in a ruɓe suka iso. Da yake ni ke riƙe wa kawu littafin shago, ni ya tasa gaba da tambaya: "Ɗana, kai da ka yi boko, ina za mu kai maganar nan? Wurin sarkin kasuwa, ko in ɗauki lauya, ko kuwa in kai shi jandarma kowa ya huta?"

Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Sai da na yi makonni ina tambaya, daga ofishin magatakardan kotu zuwa na wani lauya da muka yi makaranta tare, kafin na gane ƙofofin sun fi uku, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu na kafin a ɗora kaya ne, wasu na bayan an ɓata. Wanda ya shiga wadda ba tasa ba, aljihunsa ne zai gaya masa.

Da farko, dokar ciniki a Kamaru da Chadi ɗaya ce. Ƙasashen biyu suna cikin OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, wadda yanzu take da ƙasashe 17, har da Nijar da Afirka ta Tsakiya. Sakatariyarta tana Yawunde, babbar kotunta, CCJA, tana Abijan. Dokar da alƙalin Garwa zai buɗe kan cinikin albasa, ita ce na Njamena zai buɗe. Najeriya ba ta ciki, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce ga masu hulɗa da Mubi, Yola da Gamboru. Za mu dawo kanta.

Da me za a auna?

Abu biyar na sa a sikeli.

Kuɗi. Ba ladan ma'aikaci kaɗai ba. A lissafa da kan sarki, wanda a Kamaru ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a 2023, da kuɗin rajista a ofishin haraji, da kuɗin mota, da kwanakin da shago zai kwana a rufe.

Lokaci. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, domin doka tana da wa'adi kuma ba ta jiran kowa ya gama kunya. Bashin da ke tsakanin 'yan kasuwa yana mutuwa bayan shekara biyar, amma idan cinikin kaya ne tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, shekara biyu ce. Ƙara kan mai mota da ya ɗauki kaya, shekara ɗaya. Mai saye da ya ga aibi a fili ranar karɓar kaya kuwa, wata ɗaya yake da shi ya sanar da mai sayarwa, in ya wuce ya rasa damar. Da na karanta wa kawu wannan sai ya gyara zama, don mutumin Kusiri bai ambaci ruɓa ba sai bayan wata huɗu.

Cizo. Wannan shi ne babban ma'auni a wurina. Takarda iri biyu ce: wadda za ka nuna wa alƙali a matsayin hujja, da wadda za ka miƙa wa wisiye, wato ma'aikacin da doka ta ba ikon isar da sammaci da kama dukiya, ya je ya tsare asusun banki ko kayan shago ba tare da an sake zaman shari'a ba. Ta biyun nake kira takarda mai cizo. Hukuncin kotu mai ɗauke da hatimin zartarwa yana ciki, haka takardar notar (ma'aikacin da gwamnati ta naɗa don tabbatar da yarjejeniyoyi) mai wannan hatimi, haka sulhun da alƙali ya sa wa hannu tare da masu rigima.

Sauƙi. Harshen ofis Faransanci ne, mu kuma da Hausa da Fillanci da Larabcin Shuwa muke ciniki. Akwai kuma nisa.

Haɗari. Me zai saura na zumunci da asirin ciniki bayan an gama?

Dattawan kasuwa da fada

Nan kowa yake fara zuwa, kuma ba laifi ba ne. Sarkin kasuwa, shugaban 'yan albasa, fatoman da ya haɗa cinikin shanu a Adumri ko Bogo, Sarkin Hausawa, limamin unguwa, har zuwa fadar lamido. Gwamnati ma ta san da su: dokar sarautu ta 15 ga Yuli 1977 ta ba sarakuna a Kamaru damar sasanta talakawansu bisa al'ada.

Kuɗinsu goro ne da kuɗin zama. Cikin mako ɗaya ana iya gamawa, da harshen da kowa ke ji, kuma mutanen da ke zaune sun san bambancin albasar da aka cire da wuri da wadda ta sha rana, abin da ba kowane alƙali ya sani ba. Ƙarfinsu kunya ce: wanda ya bijire wa dattawa ya san gobe ba wanda zai ba shi kaya bashi a wannan kasuwa.

Rauninsu ma a nan yake. Kunya tana aiki ne a kan wanda zai dawo kasuwar. Mutumin da ya tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri ya koma Njamena, ko ya sauya sana'a, ba abin da dattawan Garwa za su iya yi masa. Sannan dattawa sun fi son a raba asara biyu ko da mai gaskiya ɗaya ne, don zaman lafiya suke nema, ba haƙƙi tsantsa ba. In kuma abokin rigimarka shi ke ɗauke da rabin hidimar ƙungiya, kai ma ka san inda sikeli zai karkata.

Gyaran abu ne mai sauƙi amma ba a cika yi ba: a rubuta. Ranar da aka fara zama, adadin da mutum ya amsa, ranakun biya, sa hannunsa da na shaidu. Amsa bashi a rubuce yana sa wa'adin doka ya koma farko, zaman sulhu kuma yana dakatar da shi, amma sai in kana da abin da zai nuna yaushe aka yi. Kuma a rubuta adadi da lamba da haruffa, da sefa na ofis. A kasuwa da dala muke ƙirge: in aka ce "ɗari" ana nufin sefa 500. Na ga takardar da aka rubuta "ɗari takwas" kawai, mai bin bashi yana nufin jaka ɗari takwas, wato sefa dubu 800, ɗayan ya ce shi ba haka ya fahimta ba. Malamai sun sha tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba.

Akwai kuma kotunan gargajiya da dokar 1969 ta tsara, waɗanda ke iya sauraron maganar bashi, sai dai wanda aka yi ƙara yana iya cewa tun a farkon zama bai yarda da su ba, a koma kotun zamani.

Masu rubuta takarda a bakin ofis

Ba zan daɗe a kansu ba. Suna da araha, suna da sauri, kuma don wasiƙar tuni ko rasit sun isa. Amma tsohuwar takardar wani suke ɗauka su sauya sunaye, kuma in ta ɓaci ba ƙungiyar da za ka kai kukanka. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne hatimin da ake zuwa a buga a ofishin 'yan sanda ko na magajin gari. Wannan hatimi shaida ce kawai cewa sa hannun naka ne. Bai gyara abin da aka rubuta ba, bai kuma mayar da takardar mai cizo ba. Araha ba ta ado.

Notar

Notar ma'aikaci ne da gwamnati ta naɗa, ba na kowa ba ne cikin masu ciniki. Yana tabbatar da ko su waye, ya karanta musu abin da suka amince, ya ajiye asalin takardar a ofishinsa. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi a yi masa tafinta, kada ya dangwala kan abin da bai ji ba.

Amfaninsa babba ɗaya ne: takardar amsa bashi da aka yi a gabansa, in aka ba ka kwafi mai hatimin zartarwa, ranar da wa'adi ya cika ba a biya ba kai tsaye wurin wisiye za ka. Shari'ar da wani zai yi shekara yana yi, kai ka riga ka tsallake ta tun ranar sa hannu. A wasu lamura ma ba zaɓi ba ne: tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, cinikin fili ko gida mai takardar mallaka a Kamaru dole ya bi ta hannun notar, in ba haka ba cinikin banza ne.

Ladansa gwamnati ce ta ƙayyade, kuma yana tafiya da girman kuɗin da ke cikin takarda, ga haraji da kan sarki a kai. Ka nemi a rubuta maka lissafin tun kafin a fara. Ga cinikin buhu ashirin ya yi nauyi. Ga wanda zai ba da jarin miliyoyi a saya masa gyaɗa ko masakwa a ajiye, ban ga abin da ya fi shi ba.

Abin da ba zai yi maka ba shi ne ja-in-ja. Notar ba zai ce maka "wannan sharaɗi ya cuce ka, ka nemi ƙari" kamar yadda naka lauyan zai ce ba. Kuma sai mutum biyu sun yarda sun je. Bayan an ɓata, da wuya ka ja wanda kake bi zuwa can, sai dai in dattawa ne suka matsa masa.

Lauya

Yawancinmu sai wuta ta kama muke neman Metir, wato lauya, alhali aikinsa mafi araha kuma mafi amfani shi ne na kafin sa hannu. Abokina lauyan nan ya ɗauki cinikin kawu ya nuna mini gurbi huɗu da shafi ɗaya zai toshe.

Na ɗaya, wa ke da asara in kaya ya lalace a hanya? Dokar OHADA ta ce in yarjejeniya ta tanadi a miƙa kaya ga mai mota, haɗarin ya koma kan mai saye daga lokacin da aka miƙa wa mai ɗauka na farko. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya san wannan layi ɗaya ya kai darajar buhu da yawa. Na biyu, mallakar kaya: ana iya rubuta cewa kaya na mai sayarwa ne har sai an gama biya, amma dole a rubuta shi kafin miƙa kaya ko a ranar. Na uku, lamuni. Abin da muke yi na "ni na tsaya masa" da baki bai wadatar ba. Doka tana son mai lamuni ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da lamba da haruffa, in kuma bai iya rubutu ba a kawo shaidu biyu su tabbatar an bayyana masa abin da ya ɗauka. Na huɗu, wace kotu ce za ta saurari rigima in ta taso, ta garinka ko ta garinsa.

Wani abin lura ga mutanenmu: takardun da lauyoyi suka saba da su suna zuwa da kuɗin ruwa kan jinkirin biya. In ba ka so, faɗa masa tun farko, ya ƙarfafa ta wajen jingina da lamuni da riƙe mallaka.

Masu haya ma su saurara. Wanda ya yi shekara biyu yana sana'a a shagon haya bisa sharuɗɗa yana da haƙƙin a sabunta masa, amma in hayar mai wa'adi ce, sai ya nema ta hanyar da doka ta tanada aƙalla wata uku kafin ta ƙare. Mutane da yawa sun rasa shago kan wannan wata ukun.

Ladan lauya ba a ƙayyade yake ba, ciniki ne tsakaninku. Yawanci akwai kuɗin buɗe fayil, da kafin alƙalami, da kuɗin tafiya in shari'ar a wani gari take. Ka nemi yarjejeniyar lada a rubuce da rasit na duk abin da ka bayar, ka kuma tabbatar sunansa yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wadda dokar 19 ga Disamba 1990 ta tsara. In kun saɓa kan lada, shugaban ƙungiyar ake kai wa. Manyan ofisoshin lauyoyin kasuwanci a Duwala da Yawunde suka taru, amma ga cinikin yau da kullum na Garwa, Marwa da Ngaundare sun wadatar, kuma sun fi sanin kotunan gida. Haɗarin lauya biyu ne: wanda ke cin ɗage zama, da kuma yadda takardarsa ta farko kan rufe ƙofar gaisuwa. A wurin mutanenmu, wanda ya ga wasiƙar lauya ya ɗauka an yanke zumunci ke nan.

Wisiye da kotu

Kafin kotu akwai matakin da ban san da shi ba sai a wannan karon. Wisiye yana iya zuwa wurin wanda ake bi, ya tambaye shi, ya rubuta amsarsa. In ya ce "e, ana bi na, amma a ba ni wata biyu", ka sami hujja. Yana kuma iya duba wayarka ya rubuta shaidar saƙonnin WhatsApp da na tura kuɗi. Dokar OHADA ta yarda a kafa hujja kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har ta na'ura. Kawu yana da saƙon murya guda uku da mutumin ya ambaci adadin da bakinsa. Shi bai ɗauke su komai ba, saura kaɗan ya goge su don wayar ta cika.

Sai gajeriyar hanya da ake kira umarnin biya. An sake dokarta a Kinshasa ranar 17 ga Oktoba 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024. Sharaɗinta bashin ya zama tabbatacce, adadinsa sananne, lokacin biyansa ya yi, kuma daga yarjejeniya ya fito ko daga cakin da ba kuɗi a bayansa. Za ka shigar da buƙata da hujjojinka, alƙali ya duba ba tare da kiran ɗayan ba, doka ta ba shi kwana uku. In ya ba da umarni, dole a isar wa wanda ake bi cikin wata uku, shi kuma yana da kwana goma ya yi jayayya. A da kwana goma sha biyar ne. In ya yi shiru, umarnin ya zama takarda mai cizo. In ya yi jayayya, za a fara gwada sulhu, in ya ƙi sai shari'a.

Abu biyu ke rage mata daɗi. Kotun garin wanda ake bi ake zuwa, sai in yarjejeniya ta zaɓi wani wuri, wato kawu Kusiri zai tafi. Sannan ba ta dace da rigimar da ake gardama kan inganci ko adadi ba.

Irin wannan sai cikakkiyar shari'a. A Kamaru, abin da bai wuce sefa miliyan 10 ba yana zuwa kotun matakin farko, wanda ya haura kuma babbar kotu, ɗaukaka ƙara a Ngaundare, Garwa ko Marwa gwargwadon yanki. A Njamena akwai kotun kasuwanci ta musamman. Daga kotun ɗaukaka ƙara, in maganar ta shafi dokar OHADA, Abijan ake nufa cikin wata biyu, kuma can dole sai da lauya. Ana ajiye kuɗi wurin magatakarda tun a farko gwargwadon abin da ake nema. Mara ƙarfi yana iya neman tallafin shari'a ƙarƙashin dokar 14 ga Afrilu 2009. Cizon hukunci ba shi da na biyu, sai dai zaman a bainar jama'a ake yi, ɗagewa ba ta ƙarewa, kuma in ka ci shari'a kan wanda ba shi da ko tabarma, tsugune ba ta ƙare ba. Shi ya sa lauya mai hankali yake fara tambayar me mutumin ya mallaka, in akwai alamar zai ɓoye dukiya ya nemi izinin alƙali a tsare ta tun kafin hukunci.

Jandarma fa? Na gaya wa kawu a'a. Rashin biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne. Zamba da cin amana laifi ne, sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya yi magana a kansu, amma wanda ya sayi kaya ya kasa cikawa ba lallai ya zama ɗan zamba ba. Wanda ya sa aka tsare mutum kan bashi zalla yana iya wayar gari shi ake ƙara, ga ƙiyayyar dangi har jikoki.

Sasanci na doka da tahkimi

Ranar 23 ga Nuwamba 2017 a Konakiri, OHADA ta fitar da dokar sasanci ta kuma sabunta ta tahkimi. Mutane suna haɗa su, alhali sun bambanta.

A sasanci, mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, ku ne za ku daidaita, kuma abin da aka faɗa a zaman sirri ne. Abin da ya burge ni shi ne doka ba ta ce sai wani mai digiri ba: duk wanda kuka amince da shi, in ba shi da ɓangare, yana iya zama. In an daidaita, ana iya ajiye yarjejeniyar wurin notar ko a kai wa alƙali ya tabbatar, kuma an ba shi kwanakin aiki goma sha biyar. Ashe ke nan zaman dattawa, in aka tsara shi aka rubuta, yana iya fitowa da haƙora.

Tahkimi kuwa alƙali ne kuke zaɓa da kanku, ɗaya ko uku, ya yanke, kuma ba ɗaukaka ƙara sai neman sokewa kan dalilai 'yan kaɗan. In ba ku sa wa'adi ba, wata shida doka ta ba shi. Akwai cibiya a Duwala ƙarƙashin ƙungiyar masu kamfanoni da aka daɗe da sani da GICAM, akwai kuma ta CCJA, wadda hukuncinta in ya sami izinin zartarwa yake aiki a ƙasashe 17 ɗin. Ku ke biyan alƙalan da cibiyar, ga lauyoyi, ga nisa. Kuma sai kun amince a rubuce, wanda ya fi sauƙi ranar ƙulla ciniki. Sa shi cikin yarjejeniyar miliyan biyu kamar ɗaukar tirela ne don kai buhu ɗaya.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Cizo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Dattawa da fada | Kaɗan | Kwanaki | Babu, sai an rubuta an tabbatar | Raba asara, son kai |
| Mai rubutun bakin ofis | Kaɗan | Yini ɗaya | Hujja kawai | Takarda mai gurbi |
| Notar | Ƙayyadadde, yana bin adadi | Kwanaki | Akwai | Sai duka biyu sun je |
| Lauya wajen ƙulla ciniki | Ciniki ne | Kwanaki | Hujja mai ƙarfi | Lada ba a rubuce ba |
| Umarnin biya | Matsakaici | Makonni in ba jayayya | Akwai | Tafiya garin wanda ake bi |
| Cikakkiyar shari'a | Mai yawa | Watanni ko shekaru | Akwai | Ɗagewa, yanke hulɗa |
| Sasanci na doka | Kaɗan zuwa matsakaici | Makonni | Akwai bayan tabbatarwa | Ɗaya na iya ficewa |
| Tahkimi | Mafi tsada | Kusan wata shida | Akwai, har ƙetare | Ya fi ƙarfin ƙaramin ciniki |

Wa ya dace da me

Mai ƙaramin ciniki da ke maimaituwa, cikin kasuwa ɗaya da mutanen da ya sani: ka biya lauya sau ɗaya ya tsara maka takardar shafi ɗaya da za ka riƙa cikewa, rigima kuma ka bar wa dattawa.

Mai ba da jari ko kaya masu yawa bashi, da mai sayen gida ko fili: notar, kafin kuɗi ya bar hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kamfani ko ƙungiyar agaji ta miƙa wa takarda mai shafi ashirin ta ce ya sa hannu ya kawo hatsi ko ya yi jigila: naka lauyan, ba nasu ba, ya karanta tukuna, musamman tarar jinkiri da wurin shari'a.

Mai ɗora kaya a mota daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa arewa: ka karɓi takardar ɗaukar kaya. In ba ka bayyana darajar kayan a ciki ba, diyyar mai mota ba ta wuce sefa 5,000 kan kowane kilo, abin da ya ishi mai masara amma bai ishi mai wayoyi ba. In an ga ɓarna a fili, a rubuta ƙorafi ranar sauke kaya ko ranar aiki ta gaba.

Mai hulɗa da Njamena: doka ɗaya ce, amma hukuncin kotun Kamaru sai ya sami izinin alƙalin Chadi kafin ya yi aiki can. In dukiyar mutumin a can take, sau da yawa ya fi sauƙi ka ɗauki lauyan can ka shigar da ƙara can.

Mai hulɗa da Najeriya: a rubuta da wane kuɗi za a biya. Sefa tana ɗaure da yuro kan 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a 2023 kowa ya ga yadda ta yi. Ƙaramin ciniki, kuɗi hannu ko lamunin fatoma mai dukiya a wannan gefen. Babba kuwa tahkimi, don Kamaru da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958 kan amincewa da hukuncin tahkimi na ƙetare.

Wanda ake riƙe wa kuɗi, hujja a hannu, kuma ba ya bukatar mutumin gobe: wisiye, sannan umarnin biya.

Wanda kuma yake son kuɗinsa yana son abokin cinikinsa, irin kawu: haɗawa ake yi. Mun sa wisiye ya rubuta shaidar saƙonnin murya muka ajiye, ba mu aika wa kowa ba. Shugaban 'yan albasa ya kira zama, mutumin ya zo daga Kusiri. Kawu ya yafe kuɗin buhu goma duk da doka tana gefensa, ya ce na shekara takwas ne. Ragowar aka raba biya uku, abokina ya tsara takardar, washegari su biyun suka tafi wurin notar. A ƙofar ofishin mutumin ya tsaya ya ce, "Alhaji, har abin ya kai haka tsakaninmu?" Kawu ya ce, "Malam, ni da kai duk masu mutuwa ne, 'ya'yanmu nake rubuta wa." Kashi na biyu ya shigo da jinkirin kwana tara, na uku a kan lokaci.